Daddawar da Na Aika Jidda

Matso kusa, gyara zama, ka ba ni kunnenka. Ba zan ɗaga murya ba, don a gidan haya nake yanzu, kuma katangar gidan haya ba ta riƙe zance. Ka yi tari a ɗakinka, maƙwabciya ta yi maka sannu daga nata.

Ina da ƙanwa a Jidda. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce ta ƙarshe, shi ya sa har yau da furfura ta keto mata Auta nake ce mata. Ta tafi ne bayan rasuwar mijinta, ba ɗa ba jika, ta bi wasu mata da suka ce akwai aiki a can. Aikin kuwa na gidan Larabawa ne, wanki da goge-goge da rainon 'ya'yan wasu. Takardar zamanta ta daɗe da mutuwa, saboda haka ba ta da halin zuwa ganin gida ta koma. Ranar da ta fito, ta fito ke nan. Shekaru suka yi ta turawa har na daina ƙirgawa. Abin da ya rage tsakanina da ita sai wayar nan da take aiko mini da muryarta a ciki.

In ka ji saƙonninta sai ka rantse yunwa ake yi a ƙasar. Alhali da bakinta ta ce shinkafa da kaza har zubarwa ake yi a gidan da take aiki. Amma Auta ba ta taɓa kira ta yi mini zancen kaza ba. "Yaya, jiya na yi mafarkin ɗanwake, na kai loma baki ke nan aka ta da ni." "Yaya, har yanzu ana gasa hocen dawa?" "Yaya, goruba fa, ta kusa?" Wata rana sabulun salo ne, wai na can duk ƙamshi ne kawai, ba ya fid da datti. Wata rana man shanu soyayye da albasa. Wata rana ƙuli-ƙuli mai barkono, irin wanda sai ka yi da gaske kafin ya fashe a baki. Har tsintsiya ta taɓa tambayata. Na ce, "Ke Auta, a ƙasar da inji ke shara?" Ta ce, "Yaya, ƙarar sharar safe nake so in ji."

Na ce mata ai na ji akwai unguwar da mutanenmu ke sayar da kayan miya. Ta ce akwai, kuma tana saye. Amma kukar ta sha hanya har ta koma ruwan ƙasa, tana warin kwali, kuɓewar an cika ta da gari, daddawar kuwa ta waken suya ce aka yi mata baƙi don a ruɗi ido. Duk abin da za ta lissafo, a kan daddawa take tsayawa. Kuma ba kowace ba, ta gonar Inna.

Bari in gaya maka gonar Inna. Ƙauyenmu yana can bayan Wagini, in ka bar hanyar mota ka nausa yamma. A bayan gari mahaifiyarmu ta gaji wata 'yar gona mai jar ƙasa, da tsofaffin itatuwan ɗorawa a tsakiyarta. Kalwarsu ƙanana ce, ba ta da kyan gani, amma in ta zama daddawa, ɗan gutsure ya ishi tukunyar gida guda. Inna tana surfa ta da tokar karan maiwa, ta rufe ta da ganyen kalgo, ta ɗora gawayi da barkono a kan murfin saboda baki. Ni na koya a hannunta. Auta ba ta koya ba, ita aikinta lasar taɓarya.

Abin da Auta ba ta sani ba shi ne mun tashi. Ba mu kaɗai ba, garin duka. Ɓarayin daji suka shigo muka haƙura, suka sake shigowa muka binne waɗanda muka binne, da suka ƙara dawowa sai kowa ya ɗauki abin da kansa zai iya ɗauka. Ni da maigidana muka sauka Batsari, ɗaki ɗaya a gidan mutane. 'Ya'yanmu kowa ya kama gabansa neman abinci.

Wani lokaci in tana lissafo abubuwan da take kewa sai in ji kamar in ce mata, Auta, ni ma fa haka. Tsakanina da garinmu ba teku ba jirgi, amma ni ma baƙuwa ce. Zogalen da nake miƙa hannu ta kan danga in tsinka, yanzu a ƙulle a leda ake sayar mini. Nonon da matan rugar da ke kusa da mu suke kawowa mu musanya da hatsi, mai kauri har ludayi ya tsaya a ciki, ya bi su inda gudu ya kai su, don su ma ba a bar su ba. Na kasuwa rabinsa ruwa ne. Miyata ta koma ta dunƙulen kanti. Sai dai ita tana da yayar da za ta kira ta yi wa ƙorafi, ni wa zan kira?

Za ka ce don me ban gaya mata ba. Ai mu haka muka taso, ba a kai wa na nesa mugun labari. Ko mutuwa aka yi, sai a aika a ce jiki ya yi tsanani, a zo. Sai mutum ya iso, ya sha ruwa, ya zauna cikin dangi, sannan a faɗa masa. Na nesa in ya faɗi ba mai riƙe shi. Balle Auta, mai hawan jini, a ɗakin da ba ta da kowa sai wata 'yar Zamfara da suke raba haya. Dangi duka muka haɗa baki. In ta ce, "Ya garin?" in ce, "Lafiya lau." In ta ce, "Ina ta jin labarin wajenmu a bakin mutane," in ce, "Ana dai yi, amma mu da sauƙi."

Sai dai kunnenta irin nawa ne. Wata rana ta ce, "Yaya, ina jin injin niƙa da babura a bayanki. Yaushe garinmu ya yi injin niƙa? Ina zakarun?" Na ce ai waya ba ta kamawa a ƙauye, sai na shigo Batsari nake samun yi mata magana. Sai ta ce, "To."

Da ta matsa da zancen daddawa, sai na shiga kasuwar Batsari na zaɓi wadda ta fi kowace. Na shinshina, na ɗanɗana, na ce wannan ko ni za ta iya ruɗa. Na ba wani mai tafiya Umara. Saƙon da ya dawo ba godiya a cikinsa. Muryarta a ƙasa, kamar mai magana a gidan makoki.

"Yaya, wagga ba ta gida ba ce. Tun da nake ban taɓa ganin kin sayi daddawa ba. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, mi ya samu ɗorawar Inna?"

Na ce bara ba ta yi 'ya'ya ba, iska ta kakkaɓe furen. Bayan 'yan kwanaki 'yar Zamfaran ta kira ni da kanta, ta ce ƙanwata ta kwanta, ba ta ci, ba ta zuwa aiki, sai dai ta juya fuska bango ta ce ita ta san gida ya mutu ana ɓoye mata. Ta ce, "Baba, in akwai abin da za ki yi, ki yi." Nan take na aika wa Auta cewa bana in ɗorawa ta nuna da hannuna zan yi, za ta ji da bakinta. Da wannan alkawarin ta tashi.

Bazara ta shigo, zafi ya kai inda ya kai, na san ɗorawa ta bushe a sama. Na sami maigidana yana sauraron rediyo a ƙofar ɗaki, na durƙusa na faɗa masa.

"Ke, kanki ɗaya? Maza masu bindiga ba su shiga wurin, sai ke, saboda miya?"

"Malam, ba miya ba ce, ran yarinyar nan ne."

"Yarinya! Mai furfura? Ki saya a kasuwa."

"Na saya. Ta gane."

Ya daɗe yana murɗa rediyon, tasha ta kama ta kuɓuce. Can ya ce, "Ni dai ban ji kin ce komai ba." Zaman da muka yi tare ya isa in san iyakar izinin da zan samu ke nan.

Ba zan iya tafiya ni kaɗai ba, sai na nemi taubashiyata, ɗiyar kawuna. Ta ɗan girme ni, mijinta ya rasu, ita ma gudu ne ya kawo ta Batsari. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Da na gaya mata sai ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke in aka sace ki wa zai fanshe ki? Mijin naki cewa zai yi su dawo su ɗauki tabarmarki su haɗa."

"Ke fa? Da bakin nan naki, kafin la'asar za su maido ki, su ƙara miki da kuɗin mota."

"To shi ya sa zan bi ki, baiwar gidanmu, don a sako ki albarkacina."

Muka sa tsummokaranmu, muka cire 'yan kunne, muka bar waya a gida. A-kori-kura ta sauke mu Wagini da hantsi. 'Yan acaɓa suna jin sunan garinmu suka yi ta girgiza kai, wani ya ce, "Iya, ko babur ɗin za ki saye, ba ni zuwa." Muka taka. Hanyar da jakuna suka daddaɓe shekara da shekaru ciyawa ta cinye ta, busasshiya, tana karce mana ƙafa. Ba mai sharar gona, ba hayaƙi, ba kukan tunkiya. Taubashiyata da ba ta iya rufe baki, tun da muka wuce gonakin farko ban sake jin komai daga gare ta ba sai salati.

Ban so mu shiga cikin gari ba, amma hanya ta nan ta bi. An kwashe kwanon rufi duk inda yake, an cire ƙofofi. Inda rumbunanmu suke sai baƙin tabo a ƙasa. Na leƙa gidanmu daga zaure, zauren da ba rufi, na hango turmina a kwance gara ta ci gindinsa. Ban shiga ba. Na ji in na shiga ƙafata ba za ta fito da ni ba.

Ita kuwa ɗorawa ko a jikinta. Ban taɓa ganin ta yi 'ya'ya irin na shekarar ba. Sun yi tuli a sama, sun zubo ƙasa, na bara da na bana a cakuɗe, birai sun ci sun bar saura. Da can kafin ta gama bushewa an fara rigima a kanta, yara na sata, mata na tsaro. Ga ta yau ba mai so. Wannan ya fi rumbunan ƙona mini rai.

Muka sami doguwar gora a wani kango, muka ɗaura mata reshe mai ƙugiya, muka yi ta fizgowa. Tsofaffi biyu, wuya ya ƙage, ɓawo na zubo mana a ido. Muka zauna a inuwa muna ɓarewa don kaya ya yi sauƙi, garin ya rine mana hannu da zane. Taubashiyata ta cika baki da shi ta ce, "Ko yanzu suka zo, na dai mutu a ƙoshe." Na ce ta tofar da maganar.

Ba ta gama tofarwa ba na ji su. Ni na fara ji, can nesa, kamar ƙudan zuma. Muka ja buhunan muka gangara wani kwazazzabo da ruwa ya ci a gefen gonar, muka kwanta ruf da ciki. Babura ne, da yawa, suka bi ta bakin gonar, kusa har ina jin warin mai. Suna hira, suna dariya, wani ya kunna waƙa a waya. Cinnaku suka hau ni, na cije zanena. A cikin masu dariyar akwai muryar da na sani. Na sha zuba wa mai ita tuwo a gidana yana ƙarami. Na san uwarsa, na san inda take raɓe yanzu da irin kukan da take yi. Ban faɗa wa kowa ba, kai ma ba zan faɗa maka ba.

Da ƙarar ta mutu muka daɗe ba mu motsa ba. Taubashiyata ta miƙe zanenta a jiƙe. Tun da nake ban taɓa ganin abin tsokanarta na ƙyale ba sai ranar. Na tsinki ganyen kalgo a bakin kwazazzabon, muka ɗora kaya a ka, muka juyo.

Ni na ɗauka wahala ta ƙare, ashe a bakin Wagini take jiranmu. 'Yan sa-kai suka tare mu, samari sa'o'in 'ya'yanmu, da bindigogin gida da layu a damtse. Ba na ganin laifinsu duka, su ma sun binne nasu. Amma ba wanda ya ce mana sannu.

"Tsohuwa, daga ina?"

Na faɗa.

"Mi kuka kai masu?"

"Ɗana, ɗorawa muka ɗebo a gonar uwata."

"Ni ba ɗanki ba ne. Ɗazu suka wuce ta can, mun ji su. Kowa ya shiga ba ya fitowa, ku kun shiga kun fito har da kaya, ko ƙwarzane babu?"

Suka zazzage buhunan a tsakiyar hanya, suka tona da bakin bindiga suna neman waya ko kuɗi. Da ba su ga komai ba, sai wani dattijo da ya san mahaifinmu ya sa baki aka ƙyale mu. Muka durƙusa muna tsince kalwa cikin yashi, jama'a sun kewaye mu suna kallo.

Kafin mu isa Batsari labari ya riga mu. Ba wanda ya zo ya faɗa mini a ido, sai dai in na fito tsakar gida hira ta tsaya. Matar mai gidan, da kullum nake aron turminta, ta ce ya tsage, da yamma kuma na ji ana daka a cikinsa. A bakin famfo na ji kalmar da kunnena, wata ta raɗa wa wata: infoma. Wato mai kai wa ɓarayi rahoto. Ka san abin da ake yi wa mai wannan suna a ƙasarmu yanzu. Maigidana ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, don in ya zauna sai a riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da abin ya ishe shi ya shigo ya tsaya a kaina ya ce, "Gona ta tafi, shanu sun tafi, mutunci kaɗai na fito da shi daga garin can. Shi ma kin kai shi kin zuba a miyar ƙanwarki." Taubashiyata kuwa ɗanta ya zo ya tafi da ita Katsina, ko sallama ba a bari mun yi ba.

Haka na yi daddawar ni kaɗai, aikin da a ƙauye mata ke haɗuwa su yi ana waƙa ana gulma. Na wanke kalwar, na sayi itace, abin da ban taɓa saye ba a gida, na dafa ta har ta yi laushi. Na taka har wata unguwa na ari turmi wurin wadda labarin bai kai mata ba. Na roƙi karan maiwa na ƙona na sami toka. Na surfe, na wanke, na sake dafawa, na juye a ƙwarya na rufe da kalgon, na ɗora gawayi da barkono, na tura ƙarƙashin gado don ba ni da wani wurin. Da ta fara tashi sai gidan ya ɗauka. A garinmu in wannan warin ya tashi, maƙwabta ke turowa da 'yan kwanoni a sam musu. A nan toshe hanci aka yi ta yi, ana cewa wani abu ya mutu a ɗakin 'yan gudun hijira.

Tsorona ruwan famfo, kar ya ɓata ta, don da na rijiya muka saba. Ranar da na buɗe na ga ta yi yauƙi ta yi fari-fari a sama, na lakato na sa a harshe. Ita ce. Sannan na kirɓa, na mulmula, na shanya a faifai a bayan ɗaki, ina gadi da sanda saboda awakin gidan. Ban sa ko ɗaya a tukunyata ba. Ruwan da na ɗauraye turmi da shi na yi mana miya. Malam ya ci ya suɗe kwano.

Saura mai ɗauka. Da can in mutum zai tafi Makka, gari guda ke kawo masa sallahu, ya karɓa da murna don lada. Yanzu kowa gudu yake, saboda an sha cusa wa bayin Allah ƙwaya a cikin kaya a kama su a can, kuma can ba a wasa. Da ƙyar aka haɗa ni da wata mata a Safana, matar wani tsohon malamin makaranta, za ta je sauke farali. Na haɗa daddawar da kuka da busasshiyar kuɓewa da ɗan yaji, na naɗe a sabon ƙyalle na ɗinke da zare riɓi biyu, yadda Inna ke ɗinke saƙo, ɗinkin da ko ɓera sai ya haƙura. Na hau mota zuwa Safana da shi a cinya.

Muka gaisa, gida da yara da zafi da shirin tafiya, na yi mata addu'ar Allah ya sa karɓaɓɓe ne. Ta dubi ƙullin ta ce, "Kai, Baba, wanga ɗinki haka?" Ni har na fara murmushi, na zaci yabo ne. Sai ta ƙwala wa ɗiyarta kira ta kawo almakashi.

"Kar ki ji komai, Baba, ba don ke ba ne. Zamani ne. Kuma an ce daga wajen Batsari kike."

Ɗiyar ta sa leda a hannu, ta kau da fuska, ta riƙa ɗaukar daddawar ɗaya-ɗaya tana murƙushewa a faranti. Kowace sai da ta zama gari. Aka tankaɗe kukar, aka tona yajin da cokali. Ina zaune ina kallo ina cewa, "Ba komai, Hajiya, ai da gaskiyarku." Sannan aka ɗora a ma'auni aka ce ya yi nauyi, rabi za ta iya ɗauka. Sauran rabin ban ga an miƙo mini ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na tambaya ba. Ina sa takalmi na ji tana ce wa ɗiyar ta adana shi da kyau, irin wannan ba a samu a kasuwa.

Alhazai suka tashi, aka yi Arfa, aka yi Salla, ruwa ya sauka, masu gona kusa da gari suka yi shuka. Ni dai kunnena na kan waya. Ran nan ina tsince wake sai ga saƙo, dogo. Na shiga ɗaki na saki labule na danna.

Dariya na fara ji, irin wadda rabona da ji tun tana budurwa.

"Yaya! Ita ce! Wallahi tallahi ita ce! Tun kafin in kwance ledar na sani. Wa ya murƙushe ta haka? Oho dai, ko toka ta zama na gane ta. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miya, na kira matan Katsina da ke layinmu, muka ci hawaye na zuba kamar mahaukata. 'Yar Zamfaran nan har tukunya ta bi da yatsa. Yaya, Allah ya biya ki, Allah ya jiƙan Inna."

Na ce amin a fili, ni kaɗai a ɗaki. Na ji duk abin da aka yi mini ya wuce. Da saƙon ya tsaya nan, da yau ban tsayar da kai ba.

"Kin san mi, Yaya? Akwai wata nan, 'yar wajen Safana, kullum sai ta ce mini duk ƙauyukan bayan Wagini sun tashi, wai ke ma a haya kike. Na kai mata miyar har ɗakinta, na ce ci ki ji, garin da ya tashi ne ke yin wagga? Wa ya shiga dajin ya ɗebo, aljani? Yaya, hankalina ya kwanta. Kuma na yanke shawara. Na gaji. Gwiwoyina ba su iya hawan benen mutanen nan. Na bar aikin, na sayar da katifata da fankata, na rarraba kwanonina. Da alhazai sun gama watsewa zan miƙa kaina ga askarawa su maido ni. An ce in sun ɗauki hoton yatsunka ba ka sake shiga, to ni mi zan dawo in yi? Ki sa a yi mini ɗaki ɗaya a gidanmu, na ƙasa, a daɓe shi da makuba, ba ni son siminti, na gaji da santsi. Ki nemo mini 'yar akuya mai ciki. Ki roƙar mini Malam ya bar mini kuyya biyu cikin huɗar bayan gida in sa kuɓewa. Kuma kar ki wahalar da kanki zuwa tarbata, in na sauka Wagini jaki ma ya ishe ni, na san hanya. Ina so in riski ɗanyar gyaɗa."

Saƙon ya ƙare. A waje mai sayar da ruwa yana ta buga jarka.

Da Malam ya dawo na sa masa ya ji. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Ya ce, "Ɗakin nan ko tabarma ba a iya ƙarawa." Ya ɗauki buta ya fita.

Tun ranar ta sake aiko wasu, gajeru, duk murna. A gaida wance, a gaida wane, tana kiran sunayen matan da wasunsu da hannuna na yi musu wankan ƙarshe. Tana tambaya ko ta riƙo wa limamin garin carbi ko turare. Ban amsa ko ɗaya ba. In na yi shiru, za ta sauka da jakarta ta tambayi hanyar gida, wani da bai san ta ba ya faɗa mata a tsaye a bakin titi. In na faɗa yanzu, tana can ba aiki, ba katifa, ba dangi, kuma ba abin da zai maido mata da abin da ta riga ta saki. Na sha danna wurin magana in ce, "Auta, ina gajiya," sai in tsaya, in goge.

To kai da ba ƙanwarka ba ce balle bakinka ya yi nauyi, gaya mini: in na danna wayar nan gobe da safe, bayan gaisuwa, da wace magana zan fara?